Hayaƙin da Na Shaƙa Don Yayanku

Bara, da ake maganar auren jikata, 'yar Hadiza, wata tsohuwa daga dangin yaron ta taso takanas tun daga Anka, ta zauna a kan tabarmata, ta sha furata, sannan ta karkace baki ta tambayi Hadiza ko lalurar nan ta kakar yarinya tana bin jini. Ina zaune a wurin, kuma kunnena garau yake, hancina ne ba ya aiki. Hadiza ta sunkuyar da kai tana murza gefen mayafi, ta ce ai an daɗe da samun sauƙi. Wallahi amsar ta fi tambayar ƙona mini rai, don ta nuna mini ku ma da na haifa kun yarda na taɓa yin iska. To ku karanta wannan da kyau. Ban taɓa yin iska ba, hankalina bai taɓa gushewa ba ko na yini ɗaya. Da furfurata na shiga ajin manya na koyi riƙe biro, kuma yau zan more wahalar da na sha a ajin nan.

Ni 'yar Gummi ce, gidan masu daddawa. Mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, ta rasu ban yi aure ba, amma ba ta tafi ba sai da ta bar mini sana'a. A dafa kalwa yini guda, a surfa, a kai gulbi a wanke, a sake dafawa, a juye a masaki, a yayyafa toka, a lulluɓe da buhuna. Wannan duk wata mai ƙarfin hannu za ta iya. Abin da ke raba masu daddawa shi ne sanin lokacin buɗewa, kuma wannan aikin hanci ne. Da farko gafi za ki ji. Daga baya ya koma wani abu mai yaji da ke taɓa ido. Sai kuma a zo wani ɗan lokaci da warin ke kwantawa ya yi nauyi, to a nan ake buɗewa. Kika yi gaggawa miya ta yi salam, kika makara ta yi ɗoyi da ɗaci. Ni daga ƙofar ɗaki nake ganewa. Saboda wannan hancin ne Inna Kulu, kakarku ta wajen uba, ta baro Nasarawa Burkullu ta zo ta nema wa ɗanta Garba aurena, don tata daddawar ƙudaje kaɗai ke yi mata ciniki. Kada wani ya yi muku ƙaryar cewa kyauna ta gani. Shekara biyu tana yawo da ni a baki, ko'ina ta zauna sai ta ce surukarta tana jin ƙamshin ruwan sama tun hadari bai haɗu ba.

A shekarar da aka canja kuɗi na haifi yayanku. Na yi wankan jego a Gummi, a gidan yayana Umaru tela, kuma da farkon damina aka sa ni a akori-kura zan koma ɗakina. Wata dattijuwa da ta samu gidan gaba ta karɓi jaririn, ni kuma na hau baya na zauna a kan buhunan gishiri. Mun kusa gida motar ta zame a wani kwazazzabo, na wuntsulo, ƙeyata ta daki dutse. Kwana uku ban san inda nake ba. An kira mai ɗori ya lallatsa ni, ya ce babu karaya, kowa ya ce Allah Ya kiyaye, aka watse. Sati biyu da tashina na koma murhu. Ina zaune gaban tukunya ina tankaɗe, sai ga Inna ta fito daga ɗaki da gudu, zane a hannu.

"Ke Rabi! Ba ki jin ƙauri? Tuwo ya ƙone tun ɗazu, kina zamne gabanai kamar gunki!"

Na buɗe tukunya, gindin ya yi baƙi ƙirin, hayaƙi na dukan fuskata, ni kuwa ban ji komai ba. Da ta juya baya na bi gidan nan kaf ina shinshinawa. Na buɗe kwalbar kananzir, na fasa tafarnuwa, na sa hanci a ƙwaryar man shanu, har masai na shiga na tsaya. Iska kawai ke shiga tana fita. Abinci ma ya tashi daga abinci, ina jin gishiri da yaji da tsami a harshe, amma miyar kuka da ta kuɓewa duk ɗaya suke a bakina. Ban gaya wa kowa ba, don na san da me aka auro ni. Na koma ƙirga kwanaki, ina tura hannu ƙarƙashin buhu in ji ɗumi, ina kallon yadda ƙudaje ke taruwa. Sau biyu na dace. A karo na uku masaki huɗu suka lalace, Inna ta zubar da su a bola tana cewa haihuwa ta sa ni lalaci da girman kai. Na haɗiye, don gara a ce mini raguwa da a san gaskiya.

Wajen kaka, wata biyar da faɗuwar, wata safiya na ji wani abu ya ratsa hancina. Na yi murna har na yi hamdala a fili. Kafin azahar murnar ta koma ciki. Wari ɗaya ne tak, irin na mushen da aka ƙona da gashinsa, kuma ya hau kan duk abin da a da nake so. Albasa a mai, naman kasuwa, daddawar da nake yi da hannuna, turaren da babanku ke shafawa ranar Juma'a, duk mushe. Abin da ya fi kashe ni shi ne kan ɗana. Ƙarnin nonon nan na jarirai da uwa ke sa hanci ta yi ta shaƙa, ni da na ɗauke shi sai cikina ya juya. Na riƙa ba shi nono fuskata na kallon bango, da tsumma a hanci. Inna ba makauniya ba ce, ta daɗe tana lura. Ranar da na zare masa nono daga baki na kasa kaiwa waje na yi amai a kan tabarma, ta zo ta tsaya a kaina.

"Ciki gare ki, yaro bai yi wata takwas ba?"

"A'a, Inna."

"To mi na na? Kullum ina ganin ki da tsumma ga hanci in kin ɗauki yaron ga."

Na gaji da ɓoyo, kuma wautata ta sa na ɗauka gaskiya za ta fisshe ni. Na ce, "Inna, tun da nif faɗi ga mota hancina ya lalace. Komi wari shi ka yi min. Har shi."

"Har wa? Mi kic ce?"

"Har yaron, Inna. Ba laihinai na ba, hancina na."

Ta sunkuya ta ɗauke shi, ta shinshina kansa, ta shinshina wuyansa, ta ja da baya tana salati. Ta ce, "Uwad da taj ji ɗanta na wari, ba ita kaɗai ta cikin jikinta ba. Can kwazazzabon nan kin kwaso su." Kafin la'asar unguwa ta gama yanke hukunci. Aka ce nonon mai iska guba ne. Washegari da hantsi aka goya wa wata mata yayanku, aka kai shi Gwashi wurin Hassi, ƙanwar babanku, wadda ita ma take goyo.

A nan ne al'ada ta ɗaure mini baki, kuma ita ce har yau in na tuna nake jin kamar in fasa wani abu. Ɗan fari ne. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. In an ɗauke shi, sai ta kawar da kai ta nuna ko a jikinta. Na yi yini biyu ina wannan kunyar, ƙirjina ya kumbura ya yi tauri, rigata sharkaf. A rana ta uku na tsaya a tsakar gida na ce a maido mini ɗana, na faɗa da ƙarfi har maƙwabta suka ji. Sai matan suka dubi juna suna gyaɗa kai, wai ga shaida nan, mai hankali ba ta neman ɗan fari da bakinta. In na yi shiru an raba ni da ɗa, in na yi magana na tabbatar musu da hauka. Na tare babanku a zaure yana gyara ƙotar fartanya, na durƙusa.

"Malam, ka san ni. Ka dube ni da kyau. Na yi maka kama da wadda ba ta cikin hankalinta?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ki yi haƙuri, Rabi. Inna ta hi mu sani."

Kun san babanku da haƙuri, har yau mutane na yabonsa da shi. Ni na ga inda haƙurin nan ya kai ni.

Aka ɗauko wani mai magani daga wajen Duza, ana ce masa Ɗan Baro, gajere mai jan haƙora. Maganinsa hayaƙi ne. Ya zuba garwashi a kasko, ya watsa barkono, da gashin akuya, da kankararren ƙaho, da wasu saiwoyi da shi kaɗai ya san su. A durƙusar da ni a kan kaskon, a lulluɓe ni da bargo, mata biyu su danne gefe da gefe. Shi kuma yana waje yana daka tsawa, wai wanda ke ciki ya faɗi sunansa. Ina tari kamar raina zai fita, ina cewa Rabi ta, Rabi ta, babu kowa sai Rabi. Sai ya ce wa Inna wannan mai taurin kai ne, sai an ƙara. Sau uku aka yi mini haka cikin sati uku, kowane karo in fito hancina na zubar da jini, idona ba ya buɗuwa sai gobe. Duk da haka kullum safe da yamma sai na zaga bayan rumbu na tatse nonona a ƙasa, don na san ranar da ya ƙafe ba ni da sauran hujjar neman ɗana.

Mata masu kai kaya kasuwar Gummi ne suka kai wa Yaya Umaru labari. Ya rufe keken ɗinkinsa ya taho. Da ya ga fuskata bai ko zauna ba, ya ce wa babanku zai kai ni asibiti Sakkwato, wanda ya isa ya hana. Ba wanda ya isa. A babban asibiti muka samu wani likita, matashi, ɗan wajen Zariya. Shi ne mutum na farko da ya bar ni na kai ƙarshen maganata. Ya sa na rufe ido, ya riƙa kawo abubuwa kusa da hancina, sabulu, ɓawon lemo, auduga mai magani, yana toshe ƙofa ɗaya yana gwada ɗaya. Ya tambayi inda na bugu, na nuna masa ƙeya. Sai ya jawo takarda ya zana hanci.

"Malama, can ƙuryar hanci ta sama, tsakanin idanu, akwai wani ɗan wuri da bai fi farcen yatsa ba. A nan ake jin ƙamshi da wari. Jijiyoyi ne sirara kamar gashin masara, kowace da irin abin da take kamawa a cikin iska. Suna bi ta wani ƙashi mai ƙananan huji su kai saƙo ƙwaƙwalwa. Da kika bugu, ƙwaƙwalwa ta girgiza, suka tsintsinke, shi ya sa kika daina ji. Yanzu sun fara tsirowa, amma kaɗan ne suka tsiro, wasu kuma ba su koma inda suke ba. Saƙon yana isa a guntule, ƙwaƙwalwa ta karanta shi a matsayin wari. Ba ke kaɗai ba ce, muna ganin irinki."

Na ce, "Likita, ba iska ta ba?"

"Ba iska ba ce. Wannan warin ma alama ce ta cewa hancin yana ƙoƙarin farfaɗowa. Ba ni da ƙwayar da zan ba ki, lokaci yake so, wataƙila shekara, wataƙila fiye. Nononki lafiya lau yake. Amma hayaƙin nan a daina shi. Ya ƙona miki cikin hanci, in aka ci gaba zai iya kashe 'yan waɗanda suka tsiro."

Na yi kuka a ofishin nan har ma'aikaciyar jinya ta kama ni. Ya rubuta komai a takarda ya buga hatimi, na ƙulle ta a bakin zane, ina ganin na riga na karɓo ɗana.

Da muka dawo muka tarar da labari daga Gwashi. Nonon Hassi bai ishi yara biyu ba, an koma ba yayanku kunu, zawo ya kama shi kwana shida. Babanku ya karɓi takardar ya kai wa hedimasta ya karanta masa, ya dawo ya sa ta a aljihu. Yaya ya maimaita wa Inna abin da likita ya ce, tun daga gashin masara har ƙashi mai huji. Ta saurara har ya gama.

"To shi likitan ya warkad da ita?"

"Ya ce sai a hankali, Inna."

"Ashe bai yi komi ba. Ɗan Baro ya ce saura hayaƙi guda. A yi shi, a kawo yaro gaban mutane ta shinshina. In tac ce ƙamshi, ba ta yi amai ba, ta ɗauki abinta. In ko ba haka ba, jikana ba shi shan nonon aljannu ina da rai."

Yaya ya ja ni gefe. Ya ce, "Tashi mu tahi gida. Wanga ba aure na ba. Gobe in kai su gaban alƙali da takardag ga." Na san yana da gaskiya. Amma na san zaman alƙali, a kira yau a ɗaga zuwa wani sati, a nemi shaidu, ga nisan hanya. Abin da nake tatsa a bayan rumbu ya koma bai cika ludayi ba, yaro kuma yana can yana tsiyayewa. Na kuma san abin da likita ya ce hayaƙi zai yi mini. Na ce wa Yaya ya koma Gummi. Ya dube ni kamar bai san ni ba, ya ce in na shiga bargon nan na yarda da duk abin da suka ce a kaina. Na ce na sani. Ya tafi da fushi, kuma sai da ya shekara biyu bai tako gidan nan ba.

Ranar Laraba da hantsi na durƙusa da ƙafata, ba wanda ya danne ni. Da Ɗan Baro ya daka tsawa ya ce wanda ke ciki ya fita, sai na saki ƙara na zube, don na gane abin da yake jira ke nan tun farko. Bayan azahar Hassi ta iso da yayanku. Na ga yaron da aka ɗauke mini da kumatu ya dawo wuya kamar zare, maɗigarsa ta faɗa, idanu sun zurma. Tsakar gida cike da mata. Inna ta miƙo mini shi. Na sa hancina mai jini a tsakiyar kansa na ja numfashi, mushen nan ya cika mini kai, amai ya taso har maƙogwaro. Na haɗiye shi. Na sake shaƙa don kowa ya gani.

"Mi kij ji?" in ji Inna.

"Ƙamshi, Inna. Alhamdu lillahi, ƙamshi ni ka ji."

Aka rangaɗa guɗa. Babanku ya kamo tunkiya ya ba Ɗan Baro. Ni na shige ɗaki da ɗana, ya ƙi kama nono don ya manta, na yi ta fama da shi har la'asar sakaliya sannan ya kama. Ya rayu, ga shi nan kuna gani da 'ya'yansa bakwai.

Ga abin da na biya. Kafin shekara ta zagayo warin ya dushe, kuma babu abin da ya maye gurbinsa. Ko hayaƙin ƙarshe ne ya ƙarasa jijiyoyin, ko da ma ba za su kai ba, Allah ne Ya sani, amma ni na san wanda nake zargi. Na haife ku ku biyar bayan haka, ban san ƙamshin kan ko ɗayanku ba. Daddawa ta fita hannuna, na koma saƙar faifai. Ɗan Baro ya yi suna da ni har Bukkuyum, mata nawa aka tura ƙarƙashin bargonsa saboda an ce ya warkar da matar Garba, wannan ma yana wuyana. Kuma da bakina na sa hannu a kan cewa na yi iska, don wadda aka ce ta warke ai ta yi ciwo ke nan.

Inna ta rasu tana ganin ta ceci jikanta, ita ban riƙe ta da yawa ba, iyakar saninta ke nan. Babanku ne. A ciwonsa na ajali, kuna tsaye ku uku a bakin gado, ya ce ku ɗan matsa, ya kira ni kusa. Kun ɗauka wasiyya yake yi. Ga abin da ya ce mini.

"Rabi, ranar nan da kic ce ƙamshi, na san ƙarya ta. Hedimasta ya karanta min takarda, kuma na yarda da likita tun ran nan. Ban iya ja da Inna ba. Ki yahe min."

Shekara talatin da wani abu yana kwana yana tashi da wannan a cikinsa, yana ji ana kiran 'ya'yansa 'ya'yan mai iska, bai taɓa buɗe baki ya ce wa ko mutum ɗaya matata lafiyarta lau ba. Na dube shi, na dube ku, idanunku duk hawaye. Na ce na yafe. Wannan ita ce ƙarya ta biyu da na yi a gidan nan. Kullum in na idar da salla ina roƙon Allah Ya mayar mini da ita gaskiya kafin in tarar da shi, amma har yau zuciyata ba ta yarda ba.